Soron tsohon hakiminmu ya tsage: mu shafe shi da siminti ko yaya?

Malam_Na_Tasha:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka san ginin ƙasa ko suka taɓa shiga irin wannan hidima.

Garinmu ƙaramin gari ne a Jigawa, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru. Ba zan faɗi sunansa ba, don maganar ta shafi gidan mutane kuma ba a gama ta ba. Ni tsohon malamin firamare ne. Da na yi ritaya sai ƙungiyar ci gaban gari ta ɗora mini sakataren wani ɗan kwamiti da muke kira kwamitin tarihi. Sunan ne babba. Abin da ke asusunmu ko buhun siminti goma ba zai saya ba.

Abu ɗaya muke da shi na a zo a gani, soron da tsohon hakimi yake zaman fada tun zamanin En'e. In ka tsaya a bakin ƙofa ka miƙa hannu, da ƙyar yatsunka su kai ƙarshen kaurin bangon. A ciki bakan gizo huɗu ne suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya, an kafa wata 'yar tasa ta tagulla a mahaɗarsu. Dakalin hakimi yana nan, alkukin da ake ajiye fitila yana nan, har baƙin hayaƙi bai goge ba. Da tsakar rana a watan Afrilu, in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. A nan dagatai suke kawo kuɗin haraji da jangali a ƙirga, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano. Daga baya sarauta ta koma wani gida, sabon hakimi ya yi ofishinsa na bulo, soro ya zama na magada. Yanzu harawa da buhunan ƙaiƙayi ake zubawa a ciki, sai jemagu.

A daminar bara indararon gabas ya karye, ba wanda ya kula, ruwa ya yi ta bin bango. Yanzu akwai tsaga daga rawani, wato ƙarshen bango na can sama, har kusan ƙasa, tafin hannuna yana shiga. Zanko ɗaya ya faɗi. Gara ta ci azara biyu ta wajen ƙofa. Gindin bangon ma ya zaizaye, don tun da aka ɗaga titin kasuwa ruwa yake dawowa ya kwanta a nan.

Wani attajirinmu mazaunin Abuja, Allah ya saka masa, ya ce zai ɗauki nauyin gyara: a shafe ciki da waje da siminti, a yi fenti, a ɗora rufin kwano, a sa tayil. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce arziki ya zo har gida, a karɓa kafin ya canja ra'ayi. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan kafa a gaban dattawa, sai dai in ce in an yi haka ba soronmu ba ne kuma. Ga shi wasu cikin magada suna son a sayar da filin a yi shaguna, tunda yana kallon kasuwa.

Akwai kuma wata adaka da muka samu a shigifa, cike da takardu, rasitan haraji da wasiƙu na ajami, wasu sun manne da juna.

To, ta ina za mu fara? Kuma simintin nan gyara ne ko ɓarna?

Jikan_Magina:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, zuciyarku gaskiya ta faɗa muku. Gidanmu gidan magina ne a cikin birnin Kano, na tashi ina miƙa wa kakana tubali, kuma ga hujjar da za ku kai wa dattawa.

Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Haka yake rayuwa. In an shafe shi da siminti, danshin da yake tasowa daga ƙasa ba shi da mafita, sai ya zauna a ciki. Sannan siminti ba ya kama ƙasa kamun gaskiya, zafi da sanyi suna motsa su daban-daban. Damina biyu uku sai ya yi 'yan tsage-tsage, ruwa ya shiga ta baya, bango ya riƙa narkewa a ɓoye, gara ta samu ɗaki mai duhu da laima. Daga waje fes, fenti yana ƙyalli. Ku je duk gidan ƙasar da aka yi wa haka a garinku ku ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, za ku ji yana amsawa fanko. Ran da zai zo ƙasa, ɓangare guda yake ɓallowa ba sallama. Ku ɗauki dattawan ku kai su su ƙwanƙwasa da hannunsu, ya fi dogon bayani.

Abin da ya kashe muku bango ruwa ne, don haka da ruwa za a fara. A sa sabon indararo mai tsawo wanda zai watsa ruwa nesa da gini, a share kan soron, a cire duk ciyawar da ta tsiro a kai. A haƙa magudana tsakaninku da titin nan, a yi wa gindin bangon dakali mai gangara. In ba a yi wannan ba, duk abin da aka kashe a sama asara ne. Azarar da gara ta ci a tokare ta da itace mai ƙarfi tun yau, kada a jira taro.

Tsagar kuwa, a fara sanin ko tana tafiya ko ta tsaya. A ja layi da fensir a gefe da gefe, a auna, a rubuta, a riƙa dubawa duk mako. In tana ƙara buɗewa, matsalar daga tushe take, wannan sai gwani ya zo ya gani da idonsa. In ta tsaya, aikin rani ne: a buɗe ta, a kwantar da guntayen azara a gicciye hawa-hawa su ɗinke ɓangarorin biyu, a cike da tubali da kwaɓi. Kwaɓin ba na gaggawa ba. Jar ƙasa ce da yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara kashin doki, a jiƙa a tattake a rufe, a bar ta kwanaki tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa. Yaran yanzu su kwaɓa da safe su yaɓa da hantsi, shi ya sa ake cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko.

Bango na waje a yi masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan da ake haɗawa da ƙasa. Kan soro kuma laso ne maganinsa: katsi, wato abin da yake kwantawa a ƙasan ramin marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. In an yi shi da kyau ruwa zamewa yake yi. Azara a nemi ta namijin giginya, daga ɓangaren waje mai baƙi-baƙi, ita ce gara ba ta cika iya wa ba. Ina kyautata zaton biyun da aka ci ɗin wani gyara ne na baya da aka yi da mai araha.

Kwano ban hana ba in na wucin gadi ne, a kafa rumfa a kan ginshiƙanta daban ta rufe soron har a gama aiki. Amma kada a kafe katako a jikin rawani.

Kuɗin Alhajin nan kada ku mayar masa. Ku roƙe shi ya juya su, ya biya tsohon magini, a haɗa masa samari uku huɗu suna aiki suna koyo, ana biyansu. Ku tambayi fadar masarautarku a haɗa ku da Sarkin Magina.

Injiniya_Zazzau:

Malam, ku yi haƙuri, ni zan faɗi wadda ba a son ji. Ina Zariya ranar Juma'ar nan ta watan Agustan 2023 da wani sashe na Babban Masallaci ya rufta ana sallar la'asar. An rasa rayuka. Ginin shahararren maginin nan Babban Gwani ne tun shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da masana daga ƙasashen waje suke zuwa aunawa, wanda har aka yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Duk darajar nan ba ta hana ƙasa zubowa a kan mutane ba.

Tsagar da hannu yake shiga, ga azara ruɓaɓɓiya, ga gini a bakin kasuwa. Kafin a yi maganar makuba, a kwashe harawar nan, a sa kwaɗo, a kewaye wurin da ƙaya ko waya, a hana yara da masu talla zama a inuwarsa. A samo injiniyan gini ya duba.

Sannan ku tambayi kanku tsakani da Allah, wa zai riƙa yaɓe duk shekara? Ku 'yan kwamiti kun manyanta, samarin suna kan acaɓa ko sun tafi ci-rani. In ba amsa, gara a auna shi, a zana, a ɗauki hoto da bidiyo ta kowace kusurwa, a cire tasar nan da ƙyauren a adana, a sauke shi da hannu cikin mutunci.

Jikan_Magina:

Injiniya, maganar kwaɗo da kewaye na yarda ɗari bisa ɗari, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma a zo da injiniyan tare da magini, don da yawanku ba a koya muku ƙasa a makaranta ba, kuna ganin tsaga sai ku rubuta a rushe. Benaye nawa na kankare suka zube a Legas da Kano ba su shekara goma ba? Ba wanda ya ce a daina bulo.

Ɗan_Birni_Damagaram:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma mun ɗanɗana. A farkon watan Satumban 2024 ruwan sama ya kayar mana da tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Mutane suna tsaye suna ɗauka da salula yana sulalewa. Na ga dattawa suna hawaye.

Amma ku dubi Agadas. Hasumiyar masallacinsu ta ƙasa ce zalla, tsayinta mita 27, asalinta tun ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, kuma tana nan tsaye. Itatuwan da kuke gani sun fito a jikinta ba ado ba ne kawai, matakala ce ta masu yaɓe, wato tun ran gini an san za a riƙa hawa ana gyarawa. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2013, amma ai kafin UNESCO mutanen gari ne suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru. Na san za a ce Agadas ba ruwan sama kamar Jigawa. To Jenne ta Mali fa, da take tsakiyar fadama? Masallacinsu na yanzu ginin 1907 ne, kuma duk shekara gari ne yake fitowa kwansa da kwarkwata, mata na ɗebo ruwa, samari na tsere da kwandunan laka unguwa da unguwa, tsofaffin magina na zaune suna nuni. Kafin rana ta yi zafi an gama.

Tambayar Injiniya tana da ƙarfi, kuma amsarta ita ce ku ba soron aiki. Ba mai fitowa gayya don rumbun ƙaiƙayi. In an gyara, a mayar da ɗaurin aure can, ko zaman sulhu, ko karatun dare na manya. Wanda aka ɗaura wa aure a ciki, in an yi shelar yaɓe zai ji nauyin ƙin zuwa. Ku tsayar da rana ɗaya sananniya bayan an gama kaka, a dafa abinci, a kira makaɗa, a raba bango unguwa-unguwa. Kun san mutanenmu da gasa.

Hajiya_Ta_Ohayo:

Baba Malam, sannunku da ƙoƙari. Ni ina aikin jinya a wani ƙaramin gari a Amurka, kuma abin da kuke yi kusan kowane gari a nan yana da masu yin sa. Kada ku ɗauka wasu manyan masana ne. A garin da nake yawancinsu tsofaffin mata ne da malaman makaranta masu ritaya irinku. Abin da suke riƙe da shi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce da wata makaranta mai aji ɗaya. Suna buɗewa ran Asabar in sanyi ya wuce, kowane mamba yana biyan ɗan kuɗi a shekara, suna buga kalanda da tsofaffin hotunan gari su sayar, 'yan firamare kuma ana kawo su su zauna a bencin da kakanninsu suka zauna. Na taɓa tarar da wata tsohuwa a kan tsani tana goge taga da kanta.

Gwamnati ba ta ɗauke musu ba. Akwai rajistar wuraren tarihi ta ƙasa tun 1966, amma shiga cikinta kaɗai ba ya kawo kuɗin gyara, ba ya ma hana mai gida rushe abinsa. Ko gidan Joj Washinton, shugabansu na farko, gwamnatin tarayya da ta jihar Bajiniya duk sun ƙi saya, ƙungiyar mata ce ta yi karo-karo ta ƙulla cinikinsa a 1858 a kan dala 200,000, kuma har yau ita take riƙe da shi.

Abin da na lura ba sa wasa da shi, mallaka. Ba sa kafa ƙusa a ginin da ba su da takardarsa. Ku kuna shirin zuba kuɗin mutum a gadon da ba a raba ba. Ran da soro ya yi kyau, ran nan wani jika zai taso daga Kaduna ya ce ina rabon uwarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma naku tsagar biyu ce. Ku zauna da magada duka, har matan da suke aure a wasu garuruwa, a gaban liman da hakimi. Ko su yi waƙafinsa ga gari a rubuce da shaidu, ko Alhaji ya sayi rabon masu son kuɗi. Ƙungiyar ma ku yi mata rajista da amintattu, don takarda ta fita da sunanta, ba da sunan mutum ɗaya ba.

Adakar nan kuma, don Allah, kada a kai takardun shagon kwamfuta a manne su da leda, kada a sa salatif, kada a ɓanɓare waɗanda suka manne. A ɗaga ta daga ƙasa, a kai ɗaki busasshe, a ɗauki hoton kowace takarda da waya a inuwa. Sannan ku je wajen tsofaffin matan gidan da rikoda. Maza za su ba ku jerin sunayen hakimai. Su kuwa za su gaya muku wa ya gina, me aka dafa wa magina, wa aka ɗaure a shigifa saboda haraji.

Tsohon_Akawu:

Ƙari kaɗan a kan na Hajiya. Za a ce muku ku rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta ayyana shi. Ku rubuta, ba laifi, ƙananan garuruwa ma suna cikin jerinta: Gidan Madaki na Kafin Madaki a Bauchi tun 1956 yake ciki, ga tsohon masallacin Bebeji, ga na Maigana. Amma ku sani in an ayyana, ba ku da ikon taɓa shi sai da izini, kuma izini ya fi kuɗi saurin fitowa, shi ma ba sauri gare shi ba. Ni da zan ba da shawara, ku nemi ma'aikatansu na Gidan Makama a Kano su zo su duba su ba ku shawara tukuna.

Shekarar ginin kuma kada ku dogara da "ya fi shekara ɗari biyu" na bakin kasuwa. Ku tura wani Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayilolin Lardin Kano na gundumarku, rahotannin da Turawa suka rubuta lokacin ƙiyasin haraji. Sau da yawa a ciki ake samun shekarar da aka tura hakimi ya tare a gari. Daga nan ya leƙa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke nan Kaduna, suna da masu karanta tsohon ajami.

Malam_Na_Tasha:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti amsoshinku jiya bayan isha'i, har da ta Injiniya, ban rage komai ba.

An kwashe harawa, an sa kwaɗo, mai shayin da yake jingine da bangon gabas mun lallashe shi ya matsa, ko da yake ransa bai so ba. Azara an tokare. Na ja layin fensir a wuri uku. Adaka tana ɗakina a kan tebur, uwargida tana mita saboda warin jemage.

Na yi waya da Alhaji. Ya yi shiru, sannan ya ce shi fa abin da zai sa a gani ya yi kyau yake so, kada a ce ya kashe kuɗi a kan laka. Bai ƙi ba, bai amsa ba. Ya ce in ya zo hutun Sallah a kai shi ya ƙwanƙwasa bangon da ake faɗa. Liman ya karɓi maganar magada, amma ya ce a bi a hankali, akwai tsohuwar ƙura tsakanin ɗakuna biyu.

An kuma kwatanta mana wani dattijo a wani ƙauye arewa da mu, wanda aka ce shi ya yi wa soron yaɓe na ƙarshe yana saurayi. Idonsa ya yi rauni amma an ce hankalinsa garau. Ran kasuwa za mu aika a ɗauko shi.

Jikan Magina, saura abu biyu. Ɗorawa muna da ita, majema ma akwai a garin da ke kusa. Amma marinarmu ta mutu tun ina yaro, ramukan ma an cike su. Ana samun katsi a Ƙofar Mata har yanzu, kuma suna sayarwa ga baƙo? Sannan azarar namijin giginya, a wace kasuwa za mu nema, kuma yaya wanda bai sani ba zai bambance ta kada a haɗa mu da ta banza?